Jama'a me za mu kira "rotato kaf" da Hausa?

Ummu Jidda: Salam 'yan uwa, an bani takardar gashin ƙashi in fassara wa mutanenmu na nan Makka da aka yi wa aikin kafaɗa, gobe bayan azahar ake so. Na maƙale a rotato kaf, tsokoki 4 ɗin nan da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin damtse. Larabcin ya ce kuffa mudawwira, amma Inna ta ko a mafarki bata san kuffa ba.

Ɗan Mansur: Jijiyoyin kafaɗa kawai Anti, kowa zai gane.

Baban Jarwal: A'a ɗana, jijiya ai har ta jini jijiya ce. RAWANIN KAFAƊA. Naɗe kan ƙashin suka yi, ya fi haka?

Ɗan Mansur: Baba rawani kuma, sarauta za a ba kafaɗar? 😂

Malama Kano: Ni dai kar in ga kuffa a takardar. Ku na Makka kun cika gauraya, mustashfa, ilaj, sayyara, Hausar ta gudu.

Baban Jarwal: Malama asibitin da kike faɗa daga bakin Bature kika karɓo. Kakanninmu da ƙafa suka zo nan da Hausarsu, ba mai koya mana ita.

Malama Kano: Allah ya baka haƙuri Baba, amma rawanin ma bai yi ba.

Ummu Jidda: Don Allah ku bar wannan, akwai wadda ta fi damuna. Takardar ta ce sati 4 zuwa 6 na farko hannu na rataye, mai gashi ne zai ɗaga maka shi kai ka sake jiki, don kar kafaɗar ta sandare. Sai wajen sati 6 ka fara ɗagawa da ƙarfinka, atisayen ƙarfi kuma sai kusan sati 12, warkewa sosai wata 6 har shekara. In na rubuta "a riƙa motsa hannu" wallahi wani zai ɗauki jarkar zamzam a sati na biyu ɗinkin ya ɓalle. Kawuna da aka yi masa sai da muka yi ta faɗa kan ɗaga hannu wajen kabbara, yana cewa ai likita ya ce motsi.

Ɗan Mansur: To ki raba su mana. "A motsa maka" da "ka motsa da kanka".

Malama Kano: Wannan kam Hausa ce. Ki ƙara cewa in yagewar babba ce likita na iya jinkirta motsin, kar a bi lissafin takarda ido rufe.

Ummu Jidda: Na ɗauka, nagode. Rotato kaf ɗin kuma zan sa jijiyoyin da ke riƙe kafaɗa, da zane a gefe.

Baban Jarwal: Kalma biyar inda biyu ta isa. Ki sa abinki 'yata, ni a gidana rawani ne.