Ɗan Riƙo da Rabon Gado

Ɗan Birni:
Salama gare ku, 'yan'uwa na Damagaram. Jiya fasto ya karanta Romawa 8:15, na kwana ina juyi. Mai amsa ya amsa.

Gidan kawu na tashi, shi ya yi mini riƙo,
Kwanonmu ɗaya da 'ya'yansa, tuwon dare har koko,
Ran rabon gado aka hana ni har ƙoƙo,
A ayar manzo Bulus ya ce Allah ya mai da mu 'ya'ya, irin nawa ne ko?

Iya ta Zango:
Ɗana, buɗe Galatiyawa 4 ka duba,
Aya ta 7 ta ce kai ba bawa ba ne, ɗa ne gun Uba,
In ko ɗa ne, magaji ne, da kai za a raba.
Bawa kan zube a zaure, ranka ya daɗe,
Ɗa kan shige har ɗaka yana kiran Abba.

Malamin Sabon Gari:
Iya ta riga ni. Sai dai riƙon da Bulus ya sani ba irin na garinmu ba ne.

A Roma in an ɗauki yaro, sai a sauya masa suna,
Ya gaji gida, ya gaji kujera da gona,
Sarki Agustas mai ƙidayar Luka 2, ta nan ya hau ya zauna,
Shi wasiyyar Yuliyas Kaisar ta ɗauke shi,
Mu ko jinin Almasihu da ƙauna.

Ɗan Birni:
Malam na ji, amma Janairun 2015 da majami'armu ta ci wuta,
Ni na kwashe tokar benci, na tsinci rabin Zabura cikinta,
Uba na kallon ɗakin 'ya'yansa na ci, ya ƙi kashe ta?

Iya ta Zango:
Wayyo ɗan nan, ka taɓo mini miki.

Yesu Ɗan fari ma a lambun Getsamani ya ce Abba, zufa na zubo masa,
Ƙoƙon azaba bai wuce shi ba, ya shanye abinsa,
Koma Romawa 8, gangara aya ta 17, gadon haɗe yake da wahalarsa.
Ran nan da kake faɗi, ni da jikokina uku,
Alhaji maƙwabcina ne ya kulle mu a turakarsa,
Ya shimfiɗa buzu bakin ƙofa yana jan carbinsa.
Wa kake jin ya aiko shi?

Ɗan Birni:
Iya, ba ni da baitin amsa. Har yau in na durƙusa "Ubangiji" ke fita, "Baba" sai ya maƙale mini a wuya. Zan gwada daren nan.

Iya ta Zango:
Gwada. Lahadi bayan sujada ka biyo Zango, zan dama fura.