Zafafar ruwan teku: yaya zan riƙe hankalin ɗalibai a kan darasin?

Malamin Labarin Ƙasa, Jos:
Assalamu alaikum. A makon jiya na fara yi wa 'yan aji biyar bayanin yadda wani yanki na teku kan yi zafi fiye da kima har tsawon makonni ko watanni, amma ban kai minti goma ba hankalinsu ya watse. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, mu da muke kan tudun Filato, me ya haɗa mu da teku?" Tambayar ta tsaya mini a rai. Ina neman bayani mai sauƙi, da kuma shawarar yadda zan riƙe su.

Malama daga Gwarinpa:
Wa alaikumus salam, Malam. Masana suna lissafa abin ne idan zafin ruwa ya shiga cikin kashi 10 mafi tsanani na abin da aka saba gani a wurin a wannan lokaci na shekara, kuma ya yi aƙalla kwana 5 a jere. Yakan faru idan iska ta kwanta, gajimare ya yi ƙaranci, rana ta yi ta dukan saman ruwa, ruwan sanyi na ƙasa kuma bai samu ya gauraya da na sama ba. Yanayin El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke zuwa duk bayan 'yan shekaru, yana ƙara rura wutar, amma babban tushen shi ne teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin man fetur da kwal ya tara wa duniya. Ɓarnar ba ƙarama ba ce: murjanin gabar Ostareliya, wato ƙananan halittun ruwa masu gina duwatsu a cikin teku, ya koɗe a 2016 da 2017, kuma tsakanin 2018 da 2021 ƙaguwa kimanin biliyan 10 suka ɓace a tekun Bering da ke tsakanin Alaska da Rasha, yawanci saboda yunwa, domin ruwan ɗumi yana ƙara musu buƙatar abinci.

Tsohon Malamin Gona, Bukuru:
Malam, ka gaya wa 'yar nan cewa iskar da ke kawo mana damina daga mashigin tekun Gini take tasowa, kuma bambancin zafin ƙasa da sanyin teku ne ke jawo ta arewa. A wasu shekarun da ruwan mashigin ya ɗumama, ruwan sama yakan tsaya a kudu ya rage a arewa. Mai dankali a Bokkos ko Mangu ya san ma'anar wannan.

Uwar Yara Uku, Kubwa:
Ni batun hankalin ne ya fi damuna, don ina ganinsa a gidana. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta auna tsawon zaman mutum a kan shafi ɗaya na kwamfuta kafin ya koma wani: minti biyu da rabi a 2004, daga baya ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Manya ta auna, saboda haka kada mu ɗora wa yara laifin su kaɗai. Wanda ya saba da gajeren bidiyo zai sha wuya wajen bin abin da ke ginuwa a hankali cikin watanni, ba hayaƙi ba ƙara.

Malamin Labarin Ƙasa, Jos:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fitar da su fili da bokiti biyu na ruwa da ma'aunin zafi, ɗaya a bar shi a rana ba motsi, ɗaya a riƙa juya shi, su auna saman ruwan da kansu duk bayan minti goma. Ita ɗalibar ce za ta riƙe littafin rubuta sakamakon.