Mun yi nisa cikin Lent amma zuciyata a bushe take, don Allah ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya cika min ciki. Ni ba a ikilisiya mai kiyaye Lent, wato azumin kwana 40 kafin Ista, na tashi ba, a gidanmu azumi sai in fasto ya sanar ko wata damuwa ta taso, aure ne ya kawo ni Katolika kuma da zuciya ɗaya na shigo, ba wanda ya tilasta min. Shekarun baya sama-sama nake bin abin, in bar nama ranar Jumma'a shi ke nan. To bara mamanmu ta rasu, ita ce mai tashinmu addu'ar asuba tun muna yara, ko bayan na yi aure takan kira ta ce ke, kin yi addu'a kuwa, tun da ta tafi addu'ata ta yi sanyi, shi ya sa bana ranar Larabar Toka, ranar da ake fara Lent, da Fada ya shafa min toka a goshi yana cewa ki tuna ke turɓaya ce ga turɓaya za ki koma, na yi wa Ubangiji alkawari a raina cewa wannan karon da gaske zan yi.

Na ce ba zan ci komai ba sai ƙarfe shida na yamma, kullum har da Lahadi. Na goge Facebook da TikTok daga wayata, Zabura kowace asuba, Hanyar Gicciye, addu'ar nan da ake bin wahalar Yesu tasha-tasha, duk Jumma'a ko da daga aikin dare na fito, don aikina na shifti ne. Ina da olsa amma ta daɗe ba ta tashi ba sai kwanan nan da take ɗan taɓa ni, ina shan maganin ciwon jiki in kwanta.

Amma 'yan'uwa maimakon in ji na matso kusa da Allah sai na ƙara zama mai fushi, daga ƙarfe huɗu na yamma yarana ba sa iya zuwa kusa da ni, jiya ƙaramar ta zubar da ruwa kawai na daka mata tsawa har ta ɓuya a bayan ƙofa. Wurin Hanyar Gicciye in an kai tasha ta 13 inda aka sauko da gawar Yesu aka miƙa wa mahaifiyarsa, matar da ke durƙushe kusa da ni hawaye take yi, ni kuwa agogon bango nake kallo. Sannan in muna Addu'ar Ubangiji aka zo wurin kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi sai bakina ya tsaya. Akwai wani abu da ya shiga tsakanina da yayata lokacin jana'izar Mama, ba na son in faɗe shi a nan. Tambayata, shin Allah bai karɓi azumina ba ne? In ƙara wani abu a kai ko yaya zan yi?

Ɗan Kwaya:
Sannu Anti, Allah ya ƙarfafa ki. Ki riƙa sa waƙoƙin yabo a kunne lokacin da fushin ke tasowa, ni yana taimaka min sosai.

Baba Katikis:
'Yata, bari in fara tambayar ki, wa ya ɗora miki wannan kayan? Ba Ikilisiya ba ce. Tun 1966 Fafaroma Bulus na 6 ya sassauta dokar azumi, abin da ya zama dole kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji, kuma ko su ɗin ba a ce a kwana da yunwa ba, cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, a kan masu shekara 18 zuwa 59. Barin nama ranar Jumma'a daga shekara 14 ne zuwa sama. Mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu. Lahadin da kike azumi ma ba ta cikin lissafi, daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajiberin Ista kwana 46 ne, ki cire Lahadi 6 saura 40, don kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a makoki a cikinta.

Amma duk wannan ba shi ne ciwonki ba, kin faɗi ciwonki da bakinki a layin ƙarshe sannan kika rufe. Buɗe Matiyu 6, Yesu ya yi maganar sadaka, ya yi ta addu'a, kafin ya shiga maganar azumi sai da ya tsaya a aya ta 14 da 15 ya ce in ba ku yafe wa mutane ba Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Matiyu 5:23-24 kuwa cewa ya yi ka ajiye baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ki ci abinci, ki kira yayarki yau ɗin nan kafin ki kwanta, ranar Asabar ki je ki furta zunubi wurin Fada. Shi ke nan maganar.

Sista Nas:
Ni ɓangaren lafiya zan taɓa. Wane maganin ciwon jiki kike sha? In irin su ibuprofen ko diclofenac ne don Allah ki daina yau, su ne ke ƙara cin bangon ciki, balle a kan cikin da ba komai. Yawancin olsa ƙwayar cuta ce da ake kira H. pylori ke kawo ta, ana gwaji kuma ana maganinta. In kika ga bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin ko kika yi amai da jini kar ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti. Ga aikin dare ga rashin barci ga yunwa, dole ki yi ta faɗa da yara, wannan jiki ne ke kuka.

Mai neman shawara:
Na gode Baba, na gode Sista. Amma Baba ni na san ba dole ba ne, ai shi ya sa na kira shi alkawari, tsakanina da Allahna ne, in na karya shi a tsakiya da wane ido zan sake roƙon sa wani abu? Maganar yayata kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ni na yi mata laifi ba, ayar da kuka kawo ai cewa ta yi in ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ni ce nake da magana a kanta. Sista maganin ba kullum nake sha ba.

Bawan Yesu:
Da girmamawa ga kowa, 'yar'uwa matsalar tun daga tushe take. Nuna min inda aka rubuta Lent a Littafi Mai Tsarki. Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha ko ranar idi. Kin ɗauki al'adar mutane kin mai da ita ma'aunin ƙaunar Allah, shi ya sa kika gaji. Ta wurin alheri aka cece mu, ki koma ga abin da Mama ta koya miki, addu'ar asuba da Maganar Allah, ba toka ba lissafin kwanaki.

Baba Katikis:
Ɗana, wannan baiwar Allah ba gardamar ɗarika ta zo nema ba. Amma tunda ka tambaya, Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, Fitowa 34:28, Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, 1 Sarakuna 19:8, Ubangiji da kansa ya yi 40 a jeji, Matiyu 4. Kiristoci suna kiyaye wannan lokaci tun ƙarni na 4, zamanin majalisar Nikiya ta shekarar 325, kuma ba mu kaɗai ba ne, Angilikan da Lutaran da Metodis da Otodoks duk suna yi. Karanta Romawa 14:5-6, mai kiyaye rana don Ubangiji yake kiyayewa. Ke kuma 'yata, ki duba Luka 18, Bafarisiyen nan sau biyu yake azumi a mako, amma mai karɓar harajin da ya tsaya can nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce. Yowel 2:13 ya ce zuciya za ku kyakketa ba tufafi ba. Alkawarin da ke sa 'yarki ɓuya a bayan ƙofa, Fada zai iya sauya miki shi da wani abu, ki tambaye shi.

Maman 'Yan Biyu:
Baba kuna da girma a idona amma wannan ki kira ta yau ɗin nan ban yarda da shi ba. Ni haka aka yi min. Da maigidana ya rasu 'yan'uwansa suka kwashe komai har takardun gida, ina cikin zaman makoki aka zo aka zaunar da ni da ayoyi, ki yafe, ke Kirista ce, bakwai har sau saba'in, na tashi da ƙafata na je na gaishe su, kun san abin da ya biyo baya? Suka ce ai ta gane ba ta da gaskiya ne shi ya sa ta zo. Har yau yarana ba su ga ko allura ba, kuma waɗanda suka matsa min in yafe ba wanda ya taka ya je ya ce musu ku mayar da hakkin marayu, ko a zumuntar mata da na kawo maganar cewa aka yi in bar wa Allah. Kullum wanda aka cuta shi ake wa wa'azi. Ishaya 58 da ake karanta mana farkon Lent ai cewa ya yi azumin da Allah ke so shi ne a kwance sarƙar zalunci, me ya sa ba a karanta wa azzaluman? Ƙanwata ki yafe a zuciyarki in kin iya, amma yafiya daban komawa zumunci daban, Romawa 12:18 ma cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar iyawarku.

Malama:
Ni abu ɗaya zan ce kan bushewar. Rashin hawaye ba shaida ba ce cewa Allah ya juya miki baya. Mada Teresa ta Kalkata da ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 aka gane ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah a addu'a, amma ba ta daina ba. Kuma ke kina cikin makoki ne har yanzu, wataƙila a tasha ta 13 ɗin nan tsoron fashewa da kuka ne ke sa ki kallon agogo. Ki rage yawan karatun, ki riƙe Zabura 51 kaɗai, aya ta 10 ma ta isa, ki yi ta maimaita ta a hankali. Inda bakinki ke tsayawa a Addu'ar Ubangiji ki gaya masa gaskiya, Ubangiji ban iya ba tukuna, ka taimake ni.

Baba Katikis:
Maman 'Yan Biyu, an zalunce ki, Allah zai bi miki hakkinki, amma kar ki ɗora labarinki a kan nata, ba mu ma san abin da ya faru ba. Uwa ɗaya ta haife su. Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ba wanda ya ba shi haƙuri tukuna. Ina nan a kan bakana, ta kira.

Mai neman shawara:
Malama maganarki ta taɓa ni, Allah ya saka. Maman 'Yan Biyu ke kaɗai kika fahimce ni. Baba ai ita ke kira na ma, ni ce ba na ɗauka, don na san halinta, za ta yi ta hira kamar ba abin da ya faru, kalmar yi haƙuri ba za ta taɓa fita daga bakinta ba, ni kuma ba zan iya wannan munafuncin a cikin Lent ba. Azumin zan ci gaba da shi, sai dai Lahadi zan riƙa ci tunda kun ce ba ta cikin lissafi. Abin da nake son sani yanzu, in na je furta zunubi alhali ban shirya ɗaukar wayarta ba, furcin nawa ya yi? Kuma zan iya karɓar Jibin Ubangiji ranar Ista a haka?

Sista Nas:
Ba ki faɗa min sunan maganin ba har yanzu.

Baba Katikis:
Au, ashe ita ke kira? To wannan ai ya canza magana gaba ɗaya, me ya sa ba ki faɗa tun farko ba? Tambayarki ta Fada ce, ki gaya masa komai yadda yake har da kiran da ba kya ɗauka.

Maman 'Yan Biyu:
Bai canza komai ba Baba, nawa ma suna kira duk Kirsimeti su ce yaya yara. Ƙanwata wai maganar kuɗi ce ko wata magana ta faɗa miki a gaban mutane? Don amsar ba ɗaya ba ce.