Wacce fitilar LED mai arha zan sa wa tankin murjani?

Mai_Kifi: Salam 'yan uwa, na haɗa tankin ruwan gishiri lita 100, murjani masu taushi (masu rai, na cikin teku) zan zuba amma kuɗin fitilun da ake yi musamman don murjani ya fi ƙarfina wallahi, ta kasuwa ba za ta yi ba?

Dan_Teku: A'a malam, fara zalla gansakuka za ta tara maka. Nemi mai shuɗi da yawa, wajen 450nm (ma'aunin launin haske ke nan), shi murjani yake so, kuma ta zama ana iya rage haskenta.

Maman_Twins: Ka rataye ta kamar santimita 25 saman ruwa, ka fara da ƙaramin haske kana ƙarawa duk sati, in ka ƙure lokaci guda fari fat murjanin za su koma. Awa 8 zuwa 10 ya isa, ka sa taima.

Mai_Kifi: Na gode hajiya, in an ɗauke wuta fa?

Dan_Teku: Famfon da ke juya ruwan tanki za ka fara jonawa a inbata, fitila za ta iya jira.