Neman kalmar Hausa: "family medicine" da fitar ɗaliban likitanci zuwa ƙananan asibitoci

Hadiza, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis da safe za a ɗauki shirina na rediyo a kan ɗaliban likitanci da ake turawa ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka, su yi makonni suna duba marasa lafiya a gaban malamansu. Abu biyu sun tsaya mini: sunan fannin da ake kira "family medicine", da kuma wannan fita da ɗaliban ke kira fostin. Na rubuta "likitancin iyali" da "zagayen koyo", amma hankalina bai kwanta ba.

Dakta Lawal: Wa alaikumussalam Malama. Fanninmu ne, kuma aikin mai shi shi ne ya ga jariri da mahaifiyarsa da kakansa mai hawan jini a ɗaki ɗaya, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran ga ƙwararren da ya dace, sannan ya ci gaba da bin lafiyarsu shekara da shekaru. Sai dai "iyali" tana da tarko. Wata rana a wani asibitin ƙauye na gabatar da kaina a matsayin likitan iyali, sai magidancin da ya kawo matarsa ya miƙa hannu ya karɓe katinta daga kan teburi, ya ce shi zazzaɓi ya kawo su, ba tsarin iyali ba. Sai da ungozomar wurin ta bi su har gindin bishiyar dalbejiya ta yi masa bayani kafin suka dawo.

Malama Binta: Gaskiyar Dakta ce, kuma idan Bahaushe ya ce "iyalina", galibi matarsa yake nufi, don haka wasu za su ɗauka likitan mata ne. "Likitan gida" kuwa za ta kai hankali ga maganin gida. Haka nan a rediyo ki guji "zagaye" da "kewaye", domin kin san inda mutum yake nufi idan ya ce zai zagaya.

Malam Bishir, Daura: Tun da daɗewa nake cewa a kira shi "likitan zaure". Babu mai shiga gidan Bahaushe sai ta zaure, a nan ake tarbar kowa, a nan ake sanin wanda za a shiga da shi ciki da wanda za a sallama. Wannan shi ne aikin da Dakta ya siffanta. Da so samu ne ma, da mun ajiye "likita" da "asibiti", domin duka biyun daga Ingilishi muka aro su, alhali magabatanmu suna da ilimin ɗibbu, wato ilimin magani, tun kafin Bature ya zo.

Dakta Lawal: Allah ya gafarta Malam, ɗibbun nan ita ce ta zama "tsibbu" a bakin jama'a, kuma ba zan so a ce ɗalibaina sun tafi koyon tsibbu ba. Zaure kuma yana da kyau a siffantawa, amma soron gida wurin maza ne, alhali mafi yawan waɗanda ke cika bencin asibitin mazaɓa mata ne da yara.

Malam Bishir, Daura: Ai na san inda za a je. Duk kalmar da ba ta fito daga Kano ko daga gidajen rediyon ƙetare ba, sai a nemo mata aibi. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, mun yi shiru, har ya zamana ɗan Daura, inda tarihin Hausa Bakwai ya faro, sai ya nemi izini kafin ya raɗa wa abu suna.

Aminu, ɗalibin aji biyar: Baba, da girmanku, wani abu ne ke damun mu ɗalibai. Shekara 6 muke yi, kuma da yawa daga cikinmu suna ganin wannan fanni bai kai fiɗa ko likitancin zuciya daraja ba, har wasu na kiransa likitancin sha-ka-tafi. Idan aka ce "likitan zaure", za su ce ga shi nan, wanda bai samu shiga cikin gida ba. Jihar nan ta Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma irin wannan likita suka fi bukata, saboda haka muna roƙon sunan da zai sa ɗalibi ya so fannin.

Malama Binta: To, mu koma kan fitar ɗaliban. "Sanin makamar aiki" ta riga ta zauna a kan shekarar da ake yi bayan kammala karatu, kuma "karɓa-karɓa" 'yan siyasa sun mallake ta. Ina ganin "zaman koyon aiki a cikin al'umma" ta wadatar, domin zama suke yi na makonni a wuri guda kafin a canja musu sashe.

Hadiza, Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "zaman koyon aiki a cikin al'umma". A kan fannin kuwa, zan ce "likitan lafiyar gida gaba ɗaya" a farkon shirin, in kawo misalin zauren Malam wajen bayani tare da ambaton mai shi, daga nan in ci gaba da "likitan iyali" bayan na fayyace cewa ba tazarar haihuwa ake nufi ba.

Malam Bishir, Daura: Kalma biyar a wurin da biyu za su isa. Ki yi shirinki 'yata, Allah ya ba da sa'a, amma ni a ajina likitan zaure zan ci gaba da cewa.