Doki mai saurin tashi amma bai kai ƙarshen sukuwa, abinci ne ko jini?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan gida. Tambaya gare ni ga masu sanin dawaki. Wana na da dawaki biyu nan Tahoua, akawal da kili, barga guda abinci guda, dawa da harawa da dusa da ɗan kanwa. In anka sake su, akawal ɗin da hwarko babu mai kama shi, amma kahin a kai tsakiyar hili sai ya sake yana huci hanci buɗe, kilin da ya tashi a sanyaye shi ka zuwa ya wuce shi. Wana ya ce a ƙara mishi dawa, ni ko ina ganin ba nan matsalar take ba. Mi kuka gani?

Likitan Bisashe Yamai:
Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ka fi wanka kusa da gaskiya. Tsokar doki ba iri ɗaya ba ce, zaruruwa ne ƙanana a haɗe kuma kala uku ne. Na farko ana ce musu nau'in I, masu aiki a hankali, jajaye ne sosai don jini na ratsa su da yawa, da oksijin suke ƙona kitse da sukari shi ya sa ba sa saurin gajiya. Sai nau'in IIX, su ne masu kauri da ƙarfin fizga, suna ƙona sukarin da ke ajiye cikin tsoka ba tare da jiran oksijin ba, to amma nan take asid ya taru ƙafa ta yi nauyi. Tsakaninsu akwai IIA, suna da sauri kuma suna da ɗan jimiri. Ka dubi ƙirjin kaza fari fat don firr ɗaya take yi ta sauka, na tattabara kuwa ja ne don wuni take a sama, to haka abin yake.

Kowane doki na da duka ukun, yawan kowane ne ya bambanta kuma galibi gado ne. Dokin Amurka da ake kira Quarter Horse an yi shi ne don tseren kusan mita 400, tsokarsa cike take da masu saurin nan. Dokin Larabawa ya fi shi nau'in I nesa ba kusa ba, shi ake sawa tseren kilomita 160 a rana ɗaya. Akawal ɗinku ɗan gajeren zango ne kawai, ba ciwo gare shi ba.

Baba Mai Sirdi:
Yaro karatunka ya yi, amma mu ba mu taɓa leƙa cikin tsoka ba kuma muna gane su tun suna dukushi. Kuturi ake duba. Wanda kuturinshi ya cika ya dunƙule, cinya gajera mai kauri, wannan na zamiya ne gaban sarki ranar hawan salla. Mai dogon jiki siriri, tsoka shimfiɗe, shi ka kai ka Ƙonni ya maido ka. Sai dai kar ku ɗora ma jini komi da komi, dokin da ya wuni bisa turke ko ɗan wane ne ba ya kai ƙarshe. Ku hidda shi kilisa da asuba cikin rairayi, sassarhwa mai tsawo ba sukuwa ba, kullum ana ƙara nisa kaɗan kaɗan. Yaran yanzu da sun hau sai dai su saki linzami don a ɗauke su bidiyo.

Likitan Bisashe Yamai:
Baba ranka ya daɗe ai maganarka ce a littafi. Kuturin nan ma shi ne daidai wurin da ake soka allura a tsinko ɗan nama a duba a labo, wato ɗakin gwaji, kuma ko a nan ɗin na can ciki sun fi yawan nau'in I, na sama kusa da fata su ne masu sauri. Kilisar da ka ce in an daɗe ana yi tana juya wani kaso na IIX ya koma IIA, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru, amma ba za ta mai da ɗan fizga ya zama dokin Larabawa ba. A 2010 ma masu bincike a jami'ar University College Dublin sun nuna ƙwayar gadon da ake kira myostatin tana da hannu wajen ko dokin tseren Ingila na gajeren zango ne ko na dogo.

Hajiya Ta Gabas:
Ni tawa tambayar daban ce likita. Dokin maigidana ya huta kwana biyu ana ta ba shi gero, ranar da aka hau shi bai yi nisa ba ya ƙage, bayansa ya yi tauri yana zufa, fitsarinsa ya fito baƙi-baƙi. Shi ma tsokar ce?

Likitan Bisashe Yamai:
Ita ce Hajiya. Zaruruwan tsoka ne suka fashe, abin da ke sa su ja ya zubo cikin jini ya bi fitsari, kuma yana iya taɓa ƙoda. In ya sake faruwa a sauka nan take, kar a ja shi dole sai ya taka zuwa gida, a ba shi ruwa a inuwa a kira likitan dabbobi. Ranar hutu a rage hatsi a bar shi da ciyawa da harawa. Ɗan Ader ka ji dalilin da ban yarda da ƙarin dawar nan ba. Kuma bayan sukuwa mai tsanani doki kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin sukarin tsokarsa ya dawo, kar ku maimaita washegari.

Ɗan Ader:
Madalla, na gode Baba na gode likita. Zan karanta ma wana da dare. In ya yarda akawal shi tsaya ga gajeren zango, kili shi ɗauki dogon, dawar kuma a bar ta yadda take.