Muhawara: Tatsuniyar Gizo ta isa fim ɗin katun, ko sai an sake gina ta?

Ɗan Jekadafari: Jama'a, ni a ganina matsalar katun ɗin Hausa ba labari ba ce. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kaɗai sun ishe mu fim na minti 80 da uwa da uba da yara za su zauna su kalla tare. Abin da muka rasa shi ne wuta, kwamfuta mai ƙarfi da masu zane. Labari kam, kakanni sun gama mana.

Bappa Mai Zane: Ɗana, zancen wuta gaskiyarka ne, amma labari da saura. Tatsuniya ɗaya in ana faɗinta a tsakar gida da wuya ta wuce minti goma. Kuma dubi gininta: Gizo ya ji yunwa, ya ƙulla dabara, kwaɗayi ya sa ya zarce, asiri ya tonu, ƙurunƙus. Gobe ya dawo yadda yake. Ka jera takwas irin wannan, kafin a kai ta uku yaro ya san inda za a ƙare, ya tashi. Dogon fim yana son jarumin da ke neman abu ɗaya tun farko, da wani aibu a halinsa da ke hana shi samu, har wahala ta sauya shi.

Adda Malama: Bappa, a nan na rabu da kai. Ranar da Gizo ya tuba ya zama mutumin kirki, ba Gizo ba ne kuma. Yara don rashin jin nan nasa suke son sa. A bar shi da halinsa, a ɗora sauyin a kan wani. Ga Ƙoƙi nan da take ta rufa masa asiri, ko a ƙirƙiro musu ɗa wanda yake ɗaukar ubansa gwani, sannu a hankali yana gane wa ke biyan kuɗin kowace dabara. Nan ne babba zai samu abin kallo yayin da yaro ke dariya.

Bappa Mai Zane: To ai kin sake gina labarin ke nan, Adda. Ɗan nan ba ya cikin tatsuniyar.

Hamma na Bolari: Kuma irin wannan sauyin ba a takarda ake gane ko ya yi ba. Ga yadda masu aikin ke bi. A taƙaita labarin a shafi ɗaya, sannan a rubuta kowace fitowa a kati guda a manna a bango, don a iya cire ta ko a matsar da ita. Sai allon labari: ƙananan zane-zane na gaggawa da fensir, babu launi, kowanne yana nuna inda kyamara take da abin da jarumi ke yi. A ɗauki hotunansu a jera a kwamfuta, ma'aikata su ara musu muryoyinsu na wucin gadi, a kalla tun daga farko har ƙarshe kamar fim. A wannan fim ɗin gwaji ake ganin fitowar da ta yi tsawo da barkwancin da bai ba kowa dariya ba. Gyara a nan takarda da fensir yake ci. In kuwa an riga an motsa zanen, kowace daƙiƙa hoto 24 ce, ko an yi tsimi an riƙe kowane zane sau biyu, zane 12 ne. Minti 80 ya kama zane 57,600. Yanke fitowa ta minti biyu asarar zane 1,440 ce.

Ɗan Jekadafari: Hamma, wannan ai tsarin masu kuɗi ne na Amurka.

Hamma na Bolari: Ƙanena, mara kuɗi ya fi buƙatarsa. Su ma da kuɗin nasu a nan suke tsira. A watan Nuwamba 1993 kamfanin Pixar ya nuna wa shugabannin Disney fim ɗin gwaji na Toy Story, aka ga jarumin, Woody, ya fito mugu mai wulaƙanta 'yan uwansa. Aka dakatar da aikin, suka koma suka sake masa hali, fim ya fito a 1995. Fim ɗin katun na Zootopia kuwa dila ne jaruminsa da farko. Sai a ƙarshen 2014 aka mayar da labarin kan wata zomanya, ya fito a 2016. Kusan shawarar Adda ke nan, mai wayo ya koma gefe.

Goggon Yara: Ni tambayata ta siffa ce. Gizon naku gizo-gizo ne ko mutum? A tatsuniya kowane yaro yana zana nasa a zuci, a fim dole ku zaɓa.

Bappa Mai Zane: Goggo, kin taɓo inda kuɗi ke zuba. Ƙafa takwas na nufin kowane taku sai an daidaita gaɓoɓi takwas, in katun na kwamfuta ne kuma kowace ƙafa sai an dasa mata nata ƙasusuwan motsi. Mafita ita ce ƙafa biyu da hannu huɗu, hannayen su zama abin dariya: biyu na gaisuwa, biyu na cikin kwanon mutane. Kada a sa masa babbar riga, motsin yadi na cin lokaci, 'yar shara da hula sun isa. Kafin a fara, a zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya da ta karkace, da fuskokinsa na fushi, tsoro da kwaɗayi, in ba haka ba masu zane biyar za su ba ka Gizo biyar. Sannan a shafe shi da baƙi gaba ɗaya. In ba a bambance inuwarsa da ta Ƙoƙi ba, a sake.

Adda Malama: Kar a manta da tsamin bakinsa, rabin halinsa ke nan. A ɗauki murya kafin a motsa baki, mai zane ya bi numfashin mai maganar. Kuma jadawalin siffofin baki na Turanci yana sa haƙori a kan leɓe wajen "f", alhali Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta ta. In an kwafa haka, bakin zai yi kama da na fim ɗin fassara.

Ɗan Jekadafari: Na ji batun siffa, amma ban sauka ba. In dogon fim ne ke tilasta mana taɓa tatsuniya, a bar dogon fim. A yi gajeru na minti bakwai, zane 5,040 kowanne, tatsuniya ɗaya a yadda take. Blender, manhajar yin katun a kwamfuta, kyauta ce.

Hamma na Bolari: Wannan zai yiwu, sai dai ka sauka daga minti 80 da ka fara da shi. Ko na minti bakwan ma ka yi masa na gwajin, ka tara yara 'yan shekara shida zuwa goma, ka zauna a gefe kana kallon fuskokinsu maimakon allon, ka rubuta daƙiƙar da na farko ya fara waige-waige.